Dangwalen Ummukulsum

Ummukulsum ta danna babban yatsanta a kan gilashin wayar da ƙarfi, kamar yadda ta saba dangwala wa kowace takarda. Shekara talatin ma'aikata na zuwa ƙauyensu Allakaye da takardu, ba ta taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

'Yarta Biba ce ta turo mata saƙon daga Madawa: wasu masana na bincike a kan masu hawan jini irinta, suna neman yardarta. Da ta buɗe, sai ga murya tana Hausa tiryan-tiryan.

"Inna, ba a kai ga dangwale ba," in ji muryar. "Ni ba mutum ba ce, na'ura ce mai amsa tambaya. Me kika fahimta?"

"Na gane sarai. In ban yarda ba, a hana mini ƙwayoyina a likita."

Abin da ya hana ta sukuni ke nan tun jiya. Saura ƙwaya biyu a ƙullinta, kuma ta ga yadda ciwon ya kwantar da yayarta.

"Babu ruwan maganinki da binciken nan. Kina iya ƙi. Kina iya yarda yau, gobe ki fasa."

"Hakanan kuka cewa duka," ta ce. "To, na ƙiya!"

"Na ji, Inna. Allah ya ƙara lafiya."

Shi ke nan? Ko magiya babu? Ta yi da-na-sanin bakinta, wanda dama ya saba riga ta gaba.

Ran kasuwar Buza ta bi motar albasa, ta shiga layin asibiti tana jiran a tona ta. Rahila mai ba da magani ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta ƙirga ƙwayoyin wata guda.

"Ba a hwaɗa miki komi ba a kaina?"

"An hwaɗa mini kina cin gishiri, Inna. Awo ya hwaɗi."

Ummukulsum ta fito ta zauna a gindin bishiyar bedi, daɗi ya cika ta har da ƙwalla. Ta kwance wayar daga bakin zane.

"Ke 'yar na'ura, kin yi gaskiya, na gode. Wa za shi jin abin da ni ce? Sunana na zuwa ina?"

Muryar ta amsa ɗaya bayan ɗaya. Tambaya ta kai goma, har motar Allakaye ta fara cika.

"Yanzu kin yarda, Inna?"

Ta sa yatsan a ƙarƙashin cinyarta, ta danne shi.

"Dakata tukuna. Ina da saura guda."