Ƙafar Tela ta Dama

Shekara talatin da ɗaya ina auren tela, don haka kada wani ya zo ya koya mini yadda ake gane ƙarya. Maigidana ba ya sata, ba ya zagi, amma in ya ce maka "gobe ka zo ka karɓa", to ka je ka nemi wasu kayan da za ka sa. Abin da masu kawo masa ɗinki ba su sani ba shi ne, yana yawo da mai tona masa asiri a jikinsa. Keken ƙafa yake takawa tun yana saurayi. Da zarar ya fara ƙarya, a kujera yake ko a gado, sai ƙafarsa ta dama ta kama taka keken da babu shi, sama ƙasa, sama ƙasa. Shi bai san yana yi ba. Ni kuwa ban taɓa gaya masa ba, ai ba hauka nake ba.

Ciwon baya ne ya kai mu asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ce babbar jijiyar jini da ta taso daga zuciya ta gangara ciki ta kumbura kamar tsohuwar tayar keke, kowane lokaci tana iya fashewa. Likitar da za ta yi aikin wata 'yar siririya ce mara son wasa. Ta ce za ta yanke inda ya kumbura, ta ɗinka bututun yadi a wurin.

"Yadi?" in ji maigida, har ya gyara zama. "Wane iri? Ba ya zuba dai ko? Ɗinki biyu za ki bi ko ɗaya?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce akwai ƙananan jijiyoyi da suka fito daga babbar, su ke kai wa lakar ƙashin baya jini. Idan jinin bai isa lakar ba, ƙafafu na iya shanyewa, ko a lokacin aikin ko bayan kwana biyu uku.

"Shi ya sa bayan aiki za mu bar jininka ya ɗan hau da gangan, don ya isa can. In ka ji ƙafa ta yi maka nauyi, ka faɗa nan take, kada ka jira. Baba, ka ji tsoro ne?"

"Ni? Ko kaɗan."

Na leƙa ƙarƙashin tebur. Ƙafar nan kamar an ba ta ɗinkin gaggawa.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ya farka ya ɗaga ƙafa biyu. Kwana biyu nas na zuwa kowace awa tana yaye bargo tana cewa "Baba, ɗaga dama, ɗaga hagu", shi kuwa yana ƙorafin ko a makarantar soja ba a yi wa mutum haka. A rana ta uku aka mayar da shi wani ɗaki, aka rage yawan dubawa, aka buɗe wa 'yan dubiya ƙofa. Nan bala'in ya shigo, da hularsa a karkace.

Yayansa nake nufi. Shekara goma sha biyu ya yi yana tuƙa motar rarraba magunguna, tun daga nan dangi ke kiransa Rabin Likita, kuma wallahi shi rabin ne yake ganin an rage masa. Ko gaisuwa bai gama ba ya tsaya gaban na'urar da ke nuna awon jini, ya goya hannu a baya.

"Subhanallahi! Ɗari da sittin? Yaran nan za su kashe mini ƙane."

"Yaya, likita ta ce da gangan suka bar shi haka."

"Da gangan! Haka suke cewa in abu ya fi ƙarfinsu. Je ki samo masa ruwan ɗumi."

Na tafi, don wan miji ne. Abin da ya faru a bayana sai daga baya na ji.

Da la'asar ɗakin ya cika maƙil. Surukanmu biyu sun kama kujeru, maƙwabta sun jeru jikin bango. Sauran kuwa masu ɗinki ne. Sun ce dubiya suka zo, amma kowa na yin "Allah ya ƙara sauƙi" sai ya ɗan yi gyaran murya. Akwai wani malamin makaranta da ya kawo ɗinkin rigar aurensa, yanzu matar tasa har ta kusa haihuwa.

"Taka ai an gama," in ji maigida. "Maɓalli kawai ya rage."

Na kalli ƙarshen bargo, don ya zame mini jiki. Shiru. Na ce a raina, ikon Allah, ko dai mutumin nan ya gama rigar ban sani ba?

Sai wata mai sayar da ƙwai ta matso ta tambayi nata yadin.

"Yana nan a ninke, ko ƙura ba ta taɓa shi ba."

Wannan yadin a gabana dutsen guga ya cinye shi, ni na share tokar. Na zuba wa bargon ido. Ko ƙuda ya fi shi motsi. Sai na tuna gargaɗin likita.

Nas ta leƙo da takardarta. Ta ga manya zaune, ta ji nauyin yaye wa dattijo bargo a gabansu, sai ta tsaya daga ƙofa.

"Baba, ƙafafu lafiya?"

"Lafiya ƙalau, 'yata."

Ta sa alama a takarda, za ta juya. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun surukai ba. Na kama bargon na fizge shi gaba ɗaya. Ga maigida cikin 'yar rigar asibiti da ko gwiwa ba ta kai ba, rigar da shi kansa ya ce wanda ya ɗinka ta ba ya tsoron Allah. Mata suka kau da kai. Malamin makaranta ya kama karatun kalanda.

"Ɗaga ƙafarka."

"Ke! A gaban mutane?"

"Wace irin fitsara ce wannan?" in ji Yaya.

"Na ce ka ɗaga!"

Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ƙafar tana nan kwance kamar ba tasa ba. Ta hagu ta ɗan ja kaɗan ta tsaya.

Nas ta ce, "Mama, yaya aka yi kika gane?"

"Ƙarya uku ya yi, ƙafarsa ba ta motsa ba!"

Ta dube ni kamar ni ya kamata a kwantar, amma ta ruga da gudu. Likita ta iso, ta kalli na'ura, jini ya sauka ƙasa da ɗari. Ta tambaya ko an ba shi wani abu. Yaya ya gyara hula, ya ciro kwalin maganinsa na hawan jini daga aljihu, yana jiran a gode masa.

"Biyu kacal na ba shi. Kin ga yadda ya sauka?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira mai gadi ta ce ya raka wannan bawan Allah har bakin titi, kuma ya riƙe fuskarsa da kyau. Yaya na tafe yana ba mai gadi labarin shekarunsa a harkar magani.

Aka kori kowa. Aka kwantar da maigida sambal, aka sa masa ƙarin ruwa da allurar ɗaga jini, aka sa wani siririn bututu da ke rage masa ruwan laka a baya. Likita ta ce mini an kama da wuri, amma ba za ta yi mini alkawarin komai ba. Na ce mata na gode, ni alkawari ya ishe ni a gida.

Washegari da hantsi ƙafar hagu ta dawo, yana iya lanƙwasa gwiwa. Ta dama kuwa, wadda muke ci da ita, shiru. Likita ta ce ya motsa babban yatsa. Ya yi ta ƙoƙari har gumi ya jiƙa matashi. Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce za ta dawo da azahar.

Muka rage mu biyu. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa.

"Tun bayan azahar na ji ta yi nauyi," ya ce, idonsa na kan silin. "Amma duk suna tsaye. In suka ji ƙafar tela ta mutu, kowa zai kwashe yadinsa. Uwar yara, tsoro nake ji."

Ban kalli bargo ba, na san wannan gaskiya ce. Shekara talatin da ɗaya ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da mutumin nan zai faɗi gaskiya, ga ta ta zo, kuma ban taɓa ƙin abu kamar ta ba. Na juya ina gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara, don kada ya ga idona.

Can na share fuska na dawo bakin gado, na naɗe bargon zuwa idon sawunsa.

"Maigida."

"Na'am."

"Shuɗin yadin nan nawa da na ba ka tun yayen autarmu. Autar da yanzu take jami'a. Yaushe zan karɓa?"

Sai na ga fuskar nan ta shago ta dawo, wadda yake yi wa masu ɗinki.

"Haba, naki ai na riga na yanka. Ina fita daga nan, gobe gobe."

Babban yatsan ya yi ƙasa. Ya dawo sama. Ya sake yin ƙasa, a hankali, kamar keken da ya daɗe bai sha mai ba.

Na durƙusa na riƙe ƙafar da hannu biyu ina kuka kamar yarinya. Shi kuwa ya ɗago kai yana kallona, bai san me ya faru ba.

"Ke lafiya? A kan yadi kike wannan kukan? Na ce miki gobe!"

"Na ji," na ce, ina laluben maɓallin kiran nas. "Ci gaba. Wane irin wuya za ka yi mini?"