Waken Zara'u da Ranar Sakin Gonaki

Bana ba dattawa ne suka sa ranar sakin gonaki ga dabbobi ba. Na'ura ce ta duba garin Baudeta daga sama, ta ga an gama girbin hatsi, ta ce gobe.

Waken Zara'u kuwa yana nan kwance ƙarƙashin kara, bai bushe ba. Ta ruga wurin mai gari tana haki.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga mini kwana kaɗan, kamar bara."

"Zara'u, ni ma a waya na ji. Ba ni na sa ranar ba, ba ni iya ɗagawa."

"To nuna mini ƙofar gidan na'urar in je in durƙusa!"

Ya sunkuyar da kai. Bayan gari har an fara jin kukan shanu.