Ranar Da Muka Cire Hannu Daga Dirir

Ƙanena Dirir ya mari manzon sulhu na dangin da muke rikici da su a bakin rijiyarmu, har rawanin tsohon ya faɗa cikin taɓo.

Mu Somalawan yankin Haud, ko ana tsakiyar yaƙi akwai waɗanda mashi ba ya taɓawa: mace, yaro, malami da manzo. Dokar kakanni ce, her muke ce mata. Ba a takarda take ba, a bakin dattawa take, kuma ko mahaukaci ya san ta. Tsohon ya juya. Ya bar rawanin a nan, ya koma wurin danginsa kai ba komai.

Kwana biyu ba wanda ya kai raƙuma nesa, don tsoron ramuwar gayya. Ƙura na tashi, mata za su kwashi yara su shige bukka.

Rana ta uku aka zauna gindin bishiyar taro. Dirir ya iso yana taunar asuwaki.

"Baffa, cewa fa ya yi raƙumanmu sun fi mu hankali," in ji shi. "Mari ɗaya ne. A ba shi akuya ya sha romo."

"Ashe gaskiya ya faɗa," in ji Baffa Kaudan, babban dattijonmu. Ba wanda ya yi dariya. "Sau biyu muna ɗaukar ɓarnarka. In muka tsaya maka yau, gobe namu manzon ba zai dawo gida ba."

Sai ya juyo gare ni. "Geddi, ciki ɗaya kuka fito, shi ya sa nake tambayarka. Mun cire shi daga dangi. Jininsa ba namu ba ne, duk wanda ya zubar ba mai binsa. In kana tare da shi, tashi ka bi shi, kai da 'ya'yanka."

'Ya'yana maza huɗu ne.

Dirir ya tofar da asuwakin. "Yaya, yi magana mana. Kai ka goya ni."

Na dubi ƙasa. Na ce, "Ba ni da ƙane."

Ya tafi da salka ɗaya, ya nufi gabas. Ba bukkar da ta ba shi ko kurɓin nono. Bayan kwana shida makiyaya suka tsinci gawarsa a busasshen rafi, da sara a wuya. Ni kaɗai na haƙa kabarin. Ban tambayi wa ya yi ba, don ba ni da bakin tambaya.