Shuɗin Bututun Rosamel

Ni dai na faɗa wa Rosamel, a kantina, kuma a gaban mutane. Mijin yayata ne, marigayiya Edelmira, kuma tun ranar da ya aure ta ban taɓa ba shi shawara ya ɗauka ba.

Ranar Juma'a ya shigo, ruwan sama na ɗiga daga hularsa, ya ajiye wani tsohon gwangwanin taba a kan kanta. Watan Maris ne, manyan kifin salmon sun fara haurowa kogin Puelo, kowa a ƙauyen ya zama masunci har da limamin coci. Ya buɗe gwangwanin. Gashin wuyan zakara ne guda biyu, ja mai ratsin baƙi.

Na gane su nan take. Yaya ce mai kiwon zakarun, kuma ita take cire masa gashin da hannunta duk shekara don ya ɗaura ƙuda. Ƙuda muke ce wa abin yaudarar kifi: a ɗaure gashi a jikin ɗan siririn bututun roba, a zura zaren fatsa ta cikinsa, a ƙulla ƙugiya a ƙarshe. Da ta rasu bara ya rabar da kajin duka. Waɗannan biyun su ne na ƙarshe da ta taɓa.

"Ƙuda ɗaya zan ɗaura da su, Ube," in ji shi. "Da shi zan yi ta kamu har ajalina ya zo."

"To ka zo inda ya dace," na ce. Na sauko masa da bututu iri biyu. "Ga mai tauri, a kansa za ka ɗaura gashin. Ga mai laushi, shi zai riƙe maka wuyan ƙugiya. Ko kare ya tauna ba abin da zai same su."

Ya juya su, ya taɓe baki. "Kayan baƙi 'yan hutu. Ba launi, ba rai."

Sai ya zaro abu daga aljihun rigarsa. Tsinken goge kunne ne, shuɗi, irin na da mai rami a ciki, ya riga ya cire audugar. Da irinsa ya saba ɗaura ƙuda tun yana saurayi, kafin a koma yin su da takarda.

"A akwatin madubinta na same shi," ya ce. "Saura shi kaɗai."

"Rosamel, wannan tsinken ya girmi jikanka. Tsohuwar roba ce, ruwan sanyi na dukanta za ta tsage."

"Ke ma ai kin tsufa. Kin tsage?"

"Ni ba a jefa ni kogi, tsohon banza."

Mutanen kanti suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ni ban yi ba. Na ce masa idan gashin yake so ya daɗe, ya bar shi a gwangwani mana. Ya dube ni ya ce ba don gwangwani Yaya ta cire masa ba. Gashinta ne, tsinkenta ne, tare za su zauna. Raina ya ɓaci, amma na ƙyale shi, don ni ma kewarta nake yi.

Ranar Lahadi bayan coci na bi shi bakin kogi da tulun ruwan zafi da ganyen mate, shayinmu na nan, wai ni ce mai riƙe koma. Ya nuna mini ƙudan. Gaskiya ya yi kyau. Ya ɗan narka bakin tsinken da ashana ya yi sumul, jan gashin ya kwanta a kan shuɗin kamar don shi aka yi.

Ya shiga ruwa har cinya. Ya daɗe yana jifa ba labari, ni kuma ina daga kan dutse ina tsokanarsa cewa ko kifi ya san tsohon kaya. Ban rufe baki ba sandar ta lanƙwashe.

Ban taɓa ganin kifi irin wannan ba. Ya ja zaren har ƙetare, ya dawo, ya yi tsalle ya faɗo kamar an jefa ɗan maraƙi a ruwa. Rosamel na bin gaɓa yana tuntuɓe, ina bin sa da koma ina ihu. "Ka sassauta masa! Ka sassauta, za ka tsinke!" Shi kuma yana cewa, "Rufe mini baki, Ube!" Da ƙyar muka jawo shi kan tsakuwa, ni da shi duk mun jiƙe sharkaf.

Ina ta murna, ina dukan bayansa, sai na lura shi bai kalli kifin ba. Ƙugiya na nan daram a muƙamuƙi. Amma ƙudan, da ya kamata ya zame sama a kan zaren, babu shi. Rosamel ya bi zaren da yatsu biyu tun daga bakin kifin har kan sanda, ya sake bi. Wani ɗan ɓallin shuɗi kawai ya maƙale masa a farce. Bututun ya tsage, kogi ya tafi da gashin.

Ya gangara yana duba gefen ruwa, yana ɗaga ciyayi. Kogin Puelo kuwa ba ya tsayawa jiran kowa. Kafin ya dawo masu kwalekwale sun taru, kowa na son hoto. Suka ɗora masa kifin a hannu, suka ce ya yi murmushi, ya yi musu murmushin.

Muka kama hanyar gida har muka kai ƙofar kantin. Na saba jin daɗi idan maganata ta fito, amma ran nan da na yi ƙarya ya fi mini.

"Ube," ya ce, "mai taurin nan naki. Ki ajiye mini guda."

Bakina ya riga ni. "Me za ka ɗaura a kai?"

Ya tsaya riƙe da sandarsa. Sai ya gyara hularsa ya wuce gida.