Doya Mai Fuska Huɗu

Zakka ya ɗora wuƙa a kan doya ta biyu, ya sare gefunanta shida har ta koma tubali, kamar ƙatuwar ƙwayar suga. Ɓawon, mai kauri da nama a jikinsa, ya ture shi gefe da ƙafa.

"A Ingila haka ake feraye doya?" in ji mahaifiyarsa Sabina, tana zaune a bakin murhu.

"Babu doya a Ingila, Mama."

"Shi ya sa."

Gadar da za a gina a rafin Kutemeshi a kan wani dutse mai tsaga za ta zauna. Aikin Zakka shi ne ya faɗi ko dutsen zai ɗauke ta. Na'urar lissafi ta jami'a a Zariya za ta iya ba da amsa, amma ita ba ta san dutse ba. Sai an yanyanka mata shi a takarda, ƙananan yankuna masu fuska huɗu, kowace fuska mai kusurwa uku, a haɗe kamar raga, sannan a huda lambobinsu a jikin kati. Sau biyu tana mayar masa da katunansa: ragar ba ta haɗu ba. Gobe da safe ne layinsa na ƙarshe a wajen na'urar kafin damina, kuma motar Ƙasimu kaɗai ce mai fita yau. In ruwa ya sauka ba a zuba gindin gada ba, sai baɗi.

A can inda ya yi karatu, wani ne yake shirya ragar, shi kuwa lissafi kawai. A takarda ya kasa ganin kuskurensa. Shi ya sa ya nemi doya.

Ya sare kusurwoyi huɗu na tubalin, ɗaya bayan ɗaya. Yanki na biyar ya rage a hannunsa.

Sabina ta taso. "Wannan daga ina ya fito?"

"Na tsakiya ne. Yana ciki tun farko."

Ta juya shi a tafin hannu. Duk inda ta ajiye shi sai ya zauna daram, tsini a sama. Ta sake gwadawa.

"Ba shi da baya," ta ce.

Ya karɓa, ya mayar da yankunan wurarensu, ya soke su da tsinken tsintsiya. Ya jera tubalin kusa da na doyar farko a kan faifai, ya sunkuya yana leƙen inda suka haɗu. Yankan wannan ya tashi daga dama ya sauka hagu. Na wancan ya gicciye shi.

To, ga kuskuren. A takardarsa ma tubali-tubali ya raba dutsen, kowane tubali iri ɗaya ya yanka, kuma a kowace mahaɗa yankan sun gicciye juna. Dutsen da ya aika wa na'ura a farfashe yake tun kafin a ɗora masa gada.

Gyaran da ya sani shi ne a raba kowane tubali gida shida. Wato a sake komai daga farko, aikin mako guda. Ya zauna a ƙasa. Ruwan doya ya fara cin hannuwansa, yana susa yana kallon hadarin da ke taruwa ta wajen dajin Kamuku.

Ƙahon mota ya yi ƙara a bakin hanya.

"Injiniya!" Ƙasimu ya leƙo ta kan danga. "An ce gada kake ginawa, ashe sakwara ce?"

"Ina zuwa."

"Fasinja sun fara zagin uwata."

Sabina ta ɗauki tubali na biyu, tana neman inda na tsakiyar ya ɓuya.

"Mama, ajiye! Za ki rikita mini."

Ta dangwarar da shi a kan faifan, a juye, ta koma murhunta. Ya miƙa hannu zai daidaita, sai ya tsaya. Ya sunkuya. Yanka ya hau kan yanka, kusurwa ta sami kusurwa.

Ya juya tubalin kwata, suka gicciye. Ya ƙara kwata, suka haɗu. Wato a juya ɗaya, a bar ɗaya, har ƙarshen dutsen. Rabin lambobin kawai zai canza, kuma wannan zai yiwu a kan gwiwa, cikin mota.

Ya sa jakarsa a kafaɗa, ya ɗauki faifan da hannu biyu. A bakin ƙofa ya waiwaya. Sabina ta tattara ɓawon da ya ture, tana tsoma kowane yanki cikin toka, tana jerawa a inuwa.

"Mama, wace doya kika ba ni?"

"Ta iri. Ta ci ta ƙare tun watan jiya."

Ya tsaya riƙe da faifan.

"Tafi, mota za ta bar ka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ai wurin da ke tsirowa ka bar mini. In ka je, ka tambayi injin naka ko mai kusurwa za ta fito."