An Rufe Hanyar Keke Ranar Jana'izar Yaya

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma wallahi har yanzu bakina da ɗaci.

Wai hantsi ne, ina tsakar gida ina ba kekena iska, sai matata Tabawa ta leƙo ta cikin randa ta ce, "Malam, an fita da Yaya Haladu." Ban tambayi me ta shiga yi a randa ba. Yaya Haladu shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, gidansa kuma yana tsallaken layin dogo, kusa da maƙabarta. Ya sha gaya mini, "Ilu, ranar da na mutu kai za ka shiga rami ka karɓe ni. Kada ka bari hannun bare ya kwantar da ni." Na haye keke, ko takalmi ban tsaya nema ba.

Daga ƙofar gidana zuwa inda muke ƙetare dogo tafiyar minti biyar ce. Na iske an gitta jar igiya. An tuge ƙarafan layin an kafa su a tsaye, leburori suna wanke su da soso da sabulu. Shugabansu wani bunsuru ne mai hular kwano, yana zaune a kan tebur yana cin takardar sanarwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jana'izar yayana zan je."

Ya ce, "Ana gyara."

"Yaushe za a gama?"

"Mun gama jiya. Shi ya sa za mu fara gobe."

"To ta ina mai keke zai bi?"

Ya nuna mini allo da ƙaho. Kibiyar da ke jikin allon ƙasa take kallo. Haba, jama'a! Na so in zage shi ta uwa ta uba, amma na tuna hanya a hannunsa take, sai na ce na gode.

Sai ga ni a gefen layi, kan tsakuwar da suka zuba, tayoyina biyu duk sun fashe. Ba ni kaɗai ba ne. Masu keke sun fi ɗari, kowa yana tura nasa. Ga mai burodi, burodinsa ya yi tsiro. Ga wani dattijo da gemunsa ya nannaɗe a cikin taya, ya ce mini tun da rani ya fito kai wa 'yarsa magani.

Gidajen bakin layi duk sun tsage saboda girgizar injinan masu gyara. Na ga Iya Dudu, tsohuwar da ke sayar da daddawa, ta tokare bangon ɗakinta da baya, tana tuƙa tuwo da ƙafa.

Ta ce, "Ilu, riƙe mini bangon nan in yi sallah."

Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, Yaya suke shirin rufewa."

Ta ce, "To je ka. Sallar kwana arba'in ake bi na."

Na wuce ina jin kunya, amma ban juyo ba.

Nan ruwa ya tsuge. Daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama, yana shiga mini ta ƙafar wando yana fita ta wuya. Har tsakuwa yake ɗauka. Masu keke suka kifa laimarsu ƙasa suka ci gaba da turi.

Ina ɗaga kai sai ga maƙabarta a tsallake, taku goma bai cika ba tsakanina da ita. Ga mutane, ga makara, ga rami an gama haƙa. Yaya Haladu ya tashi zaune cikin likkafaninsa, ya kare ido da hannu yana duba hanya.

Ya ce, "Ilu, wai me kake yi ne? Mutane na da abin yi."

Na ce, "Ga ni nan, Yaya! Ce su dakata!"

Na saɓa keke a kafaɗa na tsallake ƙarfe ɗaya. Kafin in sauke ƙafa leburori sun shimfiɗa wani a gabana. Na tsallake shi, suka shimfiɗa wani. Ba da mugunta suke yi ba, wani ma har sannu yake yi mini. Na tsallake har gwiwoyina suka daina jin magana, maƙabartar kuma tana nan inda take, taku goma.

Bunsurun ya zo ya tsaya a gefena yana tuƙa. Ya ce an sake duba doka, yanzu keke zai iya wucewa, mai shi ne ba zai wuce ba. Kafin in buɗe baki keken ya sauka daga kafaɗata ya bi ta ƙarƙashin igiya shi kaɗai. Ya je ya tsaya a sahun gaba, liman ya ɗan matsa masa.

Liman ya ce, "Ina ɗan'uwansa?"

Na yi ihu har maƙogwarona ya tsage. Ruwan ya kwashi muryata ya yi sama da ita.

Wani lebura ya ajiye shebur, ya goge hannu a wando, ya dira cikin ramin. Aka miƙa masa Yaya. Ina gani ya kwantar da shi a hankali, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai na ji muryar Yaya daga ciki, ba faɗa, kamar mai tambayar wanda ya yi sallama a zaure.

"Wane ne wannan? Wannan hannun ba na Ilu ba ne."

Aka jera itace. Aka fara tura ƙasa, kwas, kwas, kwas.

Na buɗe ido. Ƙarar tana nan, kwas, kwas, leburori ne a bayan gidana suke kwasar tsakuwa da shebur. Tabawa ta ɗaga labule ta ce in tashi, masu gaisuwa sun fara zuwa.

Yau kwana bakwai da rasuwar Yaya. Ranar ma hanyar a rufe take, sai ta gadar kasuwa na zagaya, na iske mutane suna fitowa daga maƙabarta suna kakkaɓe hannu. Har yanzu na kasa tambayar ko wane ne ya karɓe shi a rami.