Kifin Maigida Tadasumi

Shekara ashirin ni nake ɗanɗana abincin maigidanmu Tadasumi, mai mulkin ƙasar Kirisawa, kafin ya sa hannu, don gudun guba. Zazzaɓi ya kashe shi bai bar ɗa ba. Dokar Shogun, babban sarkinmu da ke birnin Edo, kuwa ba ta da tausayi: in mai ƙasa ya mutu babu magajin da Edo ta amince da shi, ƙwace ƙasar ake yi, mayaƙansa su watse.

Waziri Gonzaemon ya ja ni gefe. "Yahei, maigida bai mutu ba, kwance yake, har sai takardar naɗa magaji ta dawo daga Edo. Ka ji ni?"

"Ranka ya daɗe, to abincinsa fa?"

"Ka shiga da shi, ka fito da kwano wayam. Ba ci ne sana'arka ba?"

Kwana talatin da ɗaya ina durƙusawa gaban randar gishirin da aka sa gawarsa a ciki don kada ta ruɓe, ina cusa shinkafarsa ina haɗiye kuka. Mai girki, tsohuwa Otane wadda ta goye shi yana jariri, sai murna take: "Kai, bakin yaron nan ya buɗe! Gobe zan gasa masa kifin da yake so." Na cinye wannan ma.

Da takardar ta iso aka yi shelar rasuwa, aka sassaƙa ranar ƙarya a dutsen kabarinsa. Otane ta dubi kumatuna da suka ciko. Gara ma a ce zagina ta yi. A hankali ta ce, "Kifin nan, gishirinsa ya ji kuwa?"